Ranar da Na Rubuta Sunan Baba Sau Uku

Bana da bazara masu rajistar manoma suka zo mana Ketare, samari biyu a kan babur, kowa da waya a hannu. Na bi layi kamar kowa, na zauna, na faɗi sunana da na mahaifina da inda gonata take. Yaron ya yi ta latsa da babban yatsa, ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Baba, ya shiga," ya kira na bayana. Na ce masa ya nuna mini. Ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi, ya juyo mini wayar, sai na ga wata 'yar alama koriya, babu suna babu komai. Na yi masa godiya na tashi. Amma tun daga ranar nan zuciyata ta koma wani ɗaki a Ƙanƙara ta yi zamanta, na rasa yadda zan dawo da ita, shi ya sa na ce bari in rubuta ko zan samu sauƙi.

Ni ɗan fari ne, kuma Baba irin mutanen da ne masu alkunya ta gaske. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana son ruwa sai ya ce da Inna, "Gaya ma wancan ya kawo mani ruwa," alhali ina tsugune a gabansa. In muna noma, kunyar da yake nomewa tana gefen tawa, ba abin da ke shiga tsakaninmu sai ƙarar fartanya da numfashi, sai kuma gyaran murya in na bar ciyawa a baya. Yanzu ina ganin 'ya'yana suna ɗaukar 'ya'yansu na fari suna cilla su sama suna kiran sunansu a gaban jama'a, ba na cewa komai, har daɗi ma nake ji. Amma mu ba haka muka tashi ba, kuma ban taɓa zaton ba ya sona ba. Ina ganin son a loman tuwon da yake turowa gefena a kwano ba tare da ya dube ni ba.

Baba ba mai dukiya ba ne, ba kuma malami ba ne, Malam ɗin da ake ce masa na girmamawa ne. Abin da yake da shi guda ne: maganarsa. In aka yi rabon gado, ko maƙwabta suka yi saɓani kan iyakar gona, shi ake kira. Zai ɗauki sandarsa ya taka iyakar a hankali, ya tsaya wajen wani kututturen ɗorawa ko tsohon gamba ya ce nan ne, kuma shi ke nan an gama. Yakan ce shi bai san abin da ke cikin takarda ba, abin da idonsa ya gani kawai yake faɗa. Ina yaro ina jin daɗin yadda manya ke yin shiru in ya buɗe baki, ban san cewa abin nan a hannun mutane yake ba, su ke ba da shi, su ke karɓewa.

Da na gama makaranta na koyi buga tafireta, sai Allah ya ba ni aiki a wani ofishin taimakon manoma a Ƙanƙara, wanda ke kula da ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Aikinmu rubuta sunayen manoma, domin duk wanda sunansa ke ciki a ba shi sabon irin masara da na auduga kafin ruwa ya sauka. Kwamfutar wancan lokaci ba irin ta yau ba ce. Injin kansa ya kai girman firij, yana da ɗakinsa shi kaɗai mai sanyi, mu 'yan Adam muna waje muna zufa. A gabanmu allo ne baƙi mai korayen haruffa, da madannai masu nauyi da ke ƙara kas-kas-kas, ga janareta yana gurnani a bayan gini, ga firinta in ta fara kuka sai an ɗaga murya. Har yau in na ji ana sussukar gero daga nesa, yatsuna sukan motsa da kansu. Wanda ya rubuta wa injin tsarin aikinsa wani dattijo ne mutumin Faskari, kowa Injiniya yake ce masa. Ba ya rabo da goro, ba ya yawan magana, kuma ba ya son a ce abinsa yana da aibu.

Ga yadda abin yake. Sunayen a jere suke bisa tsarin ƙasa: yanki, ƙauye, unguwa, sannan gida-gida. Allon suna goma sha biyu yake ɗauka a shafi ɗaya, in akwai saura sai ka ga 'yar alama a kusurwar ƙasa. Akwai madanni na zuwa shafin gaba, akwai na komawa baya, kuma duk dannawa sai ka jira injin ya yi tunani. In za ka ƙara sabon mutum, sai ka cike bayanansa ka danna, allon ya ƙifta, ya koma shafin farko cak. Shafin farkon nan na wani ƙauyen Faskari ne, har na haddace mutanen nan goma sha biyu da ban taɓa gani ba, ina gaishe su a raina kullum safe. Sunan da ka shigar kuwa ya tafi can tsakiya inda gidansu yake, in kana son ganinsa sai ka yi ta danna shafi bayan shafi, ga layin mutane har bakin titi. Ba mai yi. Injiniya ya ce mana in allo ya koma farko to ya shiga, mu kuma muka yarda.

Ranar da mutanen unguwarmu suka zo, tun da hantsi na hango Baba ta taga, yana cikin layi ƙarƙashin bishiyar bedi. Ya san ɗansa ne a ciki, amma bai tsallake kowa ba. Da layi ya zo kansa ya shigo ya zauna, ya kafa wa bango ido, ni kuma na kafa wa madannai. Ya faɗi sunansa da na kakana kamar yana gaya wa baƙo. Na rubuta, na danna. Daidai lokacin janareta ya yi tari, fitila ta ɗan dushe ta dawo, allon ya koma kan mutanen Faskarin nan. Na ce, "An gama, Baba." Ya tashi ya fita. Mutum nawa na shigar a haka ban damu ba, amma wannan na kasa haɗiyewa. In bai shiga ba fa? A ce duk unguwa a ba kowa iri, a rasa sunan mutumin da ɗansa ke riƙe da injin? Kafin na gaba ya zauna na sake rubuta shi da sauri. Allon ya sake komawa farko, bai ce mini ƙala ba. Bayan azahar wasiwasi ya dawo, na fara danna shafuka ina neman Ketare, ban kai rabi ba aka kira ni, da na dawo abin ya koma farko. Sai na rubuta shi na uku, na ce yanzu dai ko ta halin ƙaƙa ɗaya ya zauna. Injin ba ya hana suna iri ɗaya, domin a ƙasarmu masu suna ɗaya da uba mai suna ɗaya ba sa ƙirguwa. So ne ya sa ni, ban musa ba, amma son wawa ne.

Abin da na sani sarai, amma tsoro ya mantar da ni, shi ne ofishin yana da doka. In an gama rajista ana buga jerin a takarda, kwamiti ya bi da jan biro, duk wanda aka samu sunansa da gonarsa fiye da sau ɗaya a soke shi, a kuma karanta sunansa a ƙofar Mai Gari don ya zama darasi. A makon da aka yi haka an tura ni Sabuwa aiki. Da na dawo gida ranar Juma'a na tarar da Inna tana tankaɗe, ba ta amsa gaisuwata yadda ta saba ba. Ta ce, "An kira sunan babanku cikin masu ha'inci. Wai sau ukku ya tahi ya rubuta kanshi." Na tambaye ta me ya ce. Ta ce, "Mi zai ce? Ya ce shi sau guda ya tahi. Aka yi shiru, ya taso." Sai ta ƙara da cewa 'ya'yan wani maƙwabcinmu marigayi, da suka sa ranar da Baba zai taka musu iyaka, sun aiko cewa a bari tukuna. Na leƙa zaure na gan shi zaune yana gyaran ƙotar fartanyar da babu abin da ya same ta.

Zan faɗi gaskiya tunda tsufa ya zo: ban yi magana ranar ba, ban yi washegari ba. Ina tsoron kora, ina tsoron idon Baba, ina ta gaya wa kaina ko wani ne ya ƙara na biyu da na ukun. Muka ci tuwo kwano ɗaya, ya turo mini loma kamar kullum, na bar ta a kwanon. Ran Litinin na sami Injiniya na gaya masa komai. Ya buɗe wani shafi da ban san da shi ba, sai ga sunan Baba sau uku, kowanne da lambar allona da lokacin da na danna. Ya daɗe yana tauna goro. Na jira ya ce in tattara kayana. Sai ya ce, "Hannunka ne ya yi, babu ko tantama. Amma allona ne ya ruhe maka ido. Abin da ba ya nuna ma mutum aikin da ya yi, dole wata rana ya sa shi ya sake. Jawo kujera."

Kwana biyu ina zaune gefensa yana nuna mini cikin abin. Ashe duk lokacin da aka ƙara suna, tsarin yakan share jerin da ke allo ya sake ɗebo shi daga farko, kuma tunda ba a gaya masa wane layi zai nuna ba, sai ya nuna na ɗaya. Gyaran da Injiniya ya yi shi ne injin ya riƙe shaidar sabon sunan, ya je wajensa kai tsaye, ya fara cika shafin daga nan, ɗan hasken nan mai ƙiftawa ya tsaya a kansa. Muka gwada, sabon suna ya fito a layin farko, ɓaro-ɓaro. Na danna na komawa baya, injin ya yi ƙara ɗit, ya ƙi motsi, domin a saninsa babu kowa kafin wannan. Injiniya ya ce wannan ba komai ba ne, wa ke buƙatar baya? Sannan ya ce gyaran allo daban, gyaran suna daban, kuma na biyun da bakina zan yi shi.

Haka na tsaya a ƙofar Mai Gari bayan la'asar, gaban mutanen da suka san ni tun ina yawo ba wando, na ce ni ne na rubuta sunan mahaifina sau uku, shi bai sani ba. Wani ya yi dariya ya ce son uba ya yi wa yaro yawa. Baba yana gefe, ko gezau. Na zaci an gama, ashe da sauran magana. Washegari Mai Unguwarmu, tsoho mai gaskiya da ba ya ɓoye-ɓoye, ya kira ni ya ce, "Yaro, ka yi ƙoƙari. Amma mutane na cewa ɗa ne ke ruhe ma ubanshi asiri. Wa zai yarda mai ilimi ya rubuta abu sau ukku bai gani ba?" Da na kai wa Injiniya wannan magana sai ya ce to a kawo su su gani da idonsu.

Suka zo ranar kasuwa, Mai Unguwa da dattawa uku da Baba, suka cika ɗan ɗakin da manyan riguna da ƙamshin turare. Injiniya ya goge sunan Baba duka ukun a gabansu, ya mayar da tsohon tsari, ya ce in shigar da shi. Na rubuta na danna, allon ya ƙifta. Ya ce in karanta abin da ya fito, na karanto mutanen Faskari. Mai Unguwa ya matso har gemunsa na taɓa gilashin ya ce, "To shi Malam ina ya tahi?" Injiniya ya ce yana ciki. "Ciki ina?" Ya ce in nemo shi. Na fara danna shafuka, ɗaya, jira, ɗaya, jira, dattawa suna ta gyara tsayuwa, wani har ya zauna a ƙasa. Kafin mu iso Ketare Mai Unguwa ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa. Wallahi ko ni ne da na sake rubutawa. Wannan ai kamar ka jefa tsaba rijiya ne a ce ka shuka." Aka yi dariya.

Sai Injiniya, cikin alfahari, ya sake gogewa ya ɗora sabon tsarinsa. Na shigar da sunan, na danna, sai ga Baba a layin farko, haske na ƙiftawa a kansa. Na nuna da yatsa na ce ga shi nan. A karo na farko Baba ya dubi allon. Bai iya boko ba, amma ya san sama da ƙasa. Ya tambayi Injiniya, ba ni ba, "Wa ke bisana?" Injiniya ya ce babu kowa, shi ne na farko. Baba ya girgiza kai. "Ina Mai Unguwa? Ina yayana, da gidanshi ke gaban nawa? Jiya an ce na ci rabon mutane, yau kuma a ɗora ni bisa manya? A'a. A maida ni inda nike." Injiniya ya dubi tsohon. Ya fashe da dariyar da ban taɓa ji daga gare shi ba, ya ce a ba shi zuwa la'asar.

Dattawa suka koma ƙarƙashin bedi suna ɓarar gyaɗa, mu kuma muka duƙufa. Abin da aka yi shi ne, in injin ya sami sabon sunan, kada ya fara daga kansa. Ya fara ja da baya ya ɗebo mutum biyar da ke gabansa, sannan ya cika shafin, hasken ya sauka kan sabon a tsakiya. Kuma tunda ya koyi ja da baya, madannin komawa baya ma ya daina ƙara ɗit, ya kama aiki. Injiniya yana bugawa yana gunaguni wai shekara nawa yana karatu, manomi ya zo ya gyara masa aiki.

Bayan sallah suka dawo, Injiniya ya sake goge sunan. Na shigar da sunan Baba, wannan karon sau ɗaya, na danna. Na karanto daga sama: Mai Unguwa, liman, maƙeri, wani maƙwabci, yayan Baba, sannan Baba, sannan na bayansa. Kamar mutum na tafiya a lungunmu yana wuce ƙofa-ƙofa. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Yanzu na ga kaina." Mai Unguwa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam, gobe da sahe yaran nan na jiran ka taka masu iyaka. Ni zan biyo maka."

Na zaci za su fita. Sai Baba ya gyara murya, ya ce da Injiniya, "Gayaunar da ke gabas da tawa na ba wancan. A rubuta shi." Injiniya ya san sunana sarai, kullum da shi yake yi mini faɗa. Amma ya ɗauki biro kamar mai shirin rubutu, ya ce, "To Malam, doka ce mai bayarwa ya hwaɗi sunan wanda ya ba. Wane ne?" Babu wata doka irin wannan, ni na sani.  Dattawa suka sunkuyar da kai, don sun san nauyin abin da aka nema. Baba ya dubi bango ya daɗe. Sannan ya faɗa, a hankali, cikakken sunan da aka raɗa mini, ya haɗa da nasa a baya. Ban taɓa ji ba kafin ranar, ban kuma sake ji ba har ya koma ga Allah. Na rubuta sunana da kaina, haruffan suna ninkaya a idona, na danna. Shafin ya buɗe, hasken na ƙiftawa kan layin da ke ƙarƙashin nasa. Baba ya miƙa yatsa ya taɓa nasa, ya ce, "Wannan ni ne." Ya zame yatsan ƙasa kaɗan ya bar shi a nan. Da suka tafi na ga tabon man gyaɗa a gilashin, dogo, daga layinsa zuwa nawa. Na hana mai shara gogewa har ya bushe ya ɓace da kansa.

Ofishin nan ya daɗe da rufewa, ginin yanzu hatsi ake ajiyewa a ciki. Injiniya ya rasu, Mai Unguwa ya rasu, gayaunar gabas ma mun yi shekaru ba ma iya zuwa nomanta saboda halin da daji ya shiga. Wayar yaron nan mai rajista kuwa ta fi injinmu sauri nesa ba kusa ba, kuma na tabbata ba ta rubuta mutum sau uku. Ban ce da ta fi yanzu ba. Kawai dai yaron bai fahimce ni ba da na ce ya nuna mini, ya zaci ina shakkar aikinsa ne. Na san ya shiga. So nake in ga wa ke bisana.